Death Valley, Joshua Tree, Arches ko Zion: wane gandun hamada ya dace da tafiyarka a Amurka?

Duk wanda ya samu hutun mako guda a Amurka, zuciyarsa kuma ta karkata ga hamada, yakan shiga ruɗani da zarar ya buɗe taswira. Kudu maso yammacin ƙasar cike yake da gandayen daji na ƙasa, kowanne da hotunan da ke sa mutum ya ce nan zan je. A taswira suna kusa da juna, amma a mota abin ba haka yake ba. Daga Zion zuwa Arches kaɗai tuƙin kusan awa biyar ne, alhali duka biyun a jihar Yuta suke. Masu son haɗa su duka cikin kwana bakwai sukan ƙare hutunsu a kan kwalta, ƙafarsu ba ta taka turba ko ɗaya ta kirki ba. Taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu.

Gandaye huɗu zan auna a nan, domin su ne aka fi rasa na zaɓa a tsakaninsu: Death Valley da Joshua Tree a Kalifoniya, Arches da Zion a Yuta. Ra'ayina tun daga farko shi ne, watan da za ka yi tafiyar ne zai zaɓar maka gandun, kafin kyau da kafin farashi. Wurin da ke da daɗi a Janairu yana iya kashe mutum a Yuli, kuma wannan ba ƙarin gishiri ba ne.

Ma'aunan da za a duba

Na farko shi ne wata da tsayin ƙasa, domin a hamada su biyun tare suke tafiya. Duk hawan mita 1,000 yana rage zafi da kimanin digiri 6. Ƙasan Death Valley yana ƙasa da matakin teku. Sashen Joshua Tree da aka fi zuwa yana sama da mita 900. Arches na tsakanin mita 1,200 da 1,700, ƙasan kwarin Zion kuma wajen mita 1,200. Wannan bambancin shi ya sa a rana guda za ka iya samun mutum yana gumi a ɗaya, wani kuma yana taka ƙanƙara a ɗayan.

Na biyu, irin tafiyar da kake so. Akwai mai son ya tsaya da mota, ya yi tattakin minti goma, ya kalla, ya ɗauki hoto. Akwai mai son ya wuni yana hawa har cinyoyinsa su faɗa masa. Babu wanda ya fi wani, sai dai gandayen ba su yi wa kowa tanadi daidai ba.

Sai kuɗi, da sauƙin isa wurin da zirga-zirga a ciki, da ƙarkon shiri. Abin da nake nufi da ƙarko abu biyu ne: kwana nawa gandun zai riƙe ka ba ka gaji da shi ba, da kuma yadda ruwan sama ko cunkoso ko rashin takardar izini ke iya wargaza abin da ka tsara. Na ƙarshe shi ne haɗari, wanda kowane gandu ke da irin nasa.

Maganar kuɗi, kafin a shiga ɗaya bayan ɗaya

Kuɗin shiga ba shi ne babban nauyi ba sai a wuri guda. Mota ɗaya tana biyan dala 30 na kwana bakwai a Death Valley da Joshua Tree da Arches, a Zion kuma dala 35. Amma daga 1 ga Janairun 2026 gwamnatin Amurka ta ƙara wa baƙin da ba mazauna ƙasar ba dala 100 a kan kowane mutum mai shekara 16 zuwa sama, a gandaye 11 daga cikin waɗanda suka fi karɓar jama'a. Zion na cikinsu, sauran ukun ba sa ciki. Katin shekara da ke buɗe dukkan gandaye dala 80 ne ga mazauna Amurka, dala 250 ga baƙi, kuma mai katin ba ya biyan ƙarin.

Lissafin a fili yake. Baƙi biyu manya a mota ɗaya za su biya dala 235 a ƙofar Zion kaɗai. Idan za su ƙara ko da gandu guda, katin dala 250 ya fi musu. Idan kuwa ba za su Zion ba, sauran ukun gaba ɗaya dala 90 ne, babu dalilin sayen kati. A tafi da katin banki, domin wasu gandaye sun daina karɓar tsabar kuɗi, Death Valley tun 2023.

Inda kuɗi ke tafiya da gaske shi ne motar haya, mai, masauki, da inshorar lafiya. Wannan ta ƙarshe kada a yi wasa da ita. Jinya a Amurka tana da tsadar da ke iya cinye kuɗin tafiya goma, kuma a hamada asibiti na iya kasancewa awa biyu daga inda mutum ya faɗi.

Death Valley

Shi ne gandun ƙasa mafi girma a Amurka idan aka cire na Alaska, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 13,000. An fara kare shi a 1933, ya zama cikakken gandu a 1994. A Furnace Creek, tsakiyar gandun, aka auna digiri 56.7 ranar 10 ga Yulin 1913, wanda har yau shi ne zafin iska mafi tsanani da aka amince da shi a hukumance a duniya. Dalilin zafin yana cikin surar wurin: kwari ne dogo mai zurfi, duwatsu sun kewaye shi. Iskar da ta yi zafi tana tashi, duwatsun su tare ta, ta sake gangarowa ta ƙara ɗumi. Jerin tsaunukan da ke yamma kuma suna tatse hadarin da ke tasowa daga teku kafin ya iso, shi ya sa ruwan shekara guda bai cika wuce milimita 60 ba.

Ga mai son kallo, a ganina babu na biyunsa a cikin huɗun. Dalilina shi ne bambancin abin da ido ke gani a yini ɗaya. Da asuba kana Zabriskie Point, rana na fitowa a kan tuddai masu launin zinariya da ruwan ƙasa. Da hantsi kana Badwater, mita 86 ƙasa da matakin teku, wuri mafi ƙasa a Arewacin Amurka, kana taka farin gishiri da ya shimfiɗu iya ganinka. Idan ka ɗaga kai, ga Telescope Peak mai tsayin sama da mita 3,300, sau da yawa da dusar ƙanƙara a kansa. Da la'asar kana cikin jigayin yashi na Mesquite Flat. Akwai ramin aman wuta na Ubehebe, akwai Dante's View inda ake hango kwarin gaba ɗaya daga sama da mita 1,600, akwai kufan masana'antar ma'adinin boraks ta shekarun 1880, wadda alfadarai ashirin-ashirin ke jan kayanta zuwa tashar jirgin ƙasa. Mutanen Timbisha Shoshone, asalin masu wurin, har yanzu suna zaune a ciki.

Tattakinsa kuwa matsakaici ne. Zagayen Golden Canyon da Gower Gulch kusan kilomita 7 ne, Mosaic Canyon kimanin 6 zuwa da dawowa. Mai neman wahala ta gaske sai ya hau Telescope Peak, kilomita 22. Turbobin ba su da inuwa, wasu ma ba turba ba ce, bin kwari ne kawai.

Isa wurin ba wuya, awa biyu ne daga Las Vegas. Wuyar tana ciki. Komai da nisa: Badwater kilomita 27 daga Furnace Creek, Dante's View wajen 40, Ubehebe kusan 90. Babu bas, dole sai da mota. Mai a cikin gandun ya fi na waje tsada sosai, gara a cika tanki a Pahrump ko Beatty. Masaukai kaɗan ne, a Furnace Creek da Stovepipe Wells da Panamint Springs, kuma a watannin sanyi suna cika da wuri. Sabis na waya babu shi a mafi yawan wurare.

Bari in tsaya a kan Racetrack, fakon da duwatsu ke tafiya su bar sawu, domin yana jan mutane da yawa cikin matsala. Sai a 2014 masana suka bayyana yadda abin ke faruwa: ruwa kaɗan ya taru, ya daskare da dare, rana ta farfasa siririyar ƙanƙarar, iska ta tura ta, ita kuma ta tura duwatsun. Abin sha'awa ne. Amma hanyar zuwa can kilomita 43 ce ta tsakuwa mai kaifi da ke yaga taya, kuma yawancin kamfanonin motar haya sun haramta sauka daga kwalta a yarjejeniyarsu. Wanda ba shi da mota mai tsayi da tayoyi masu ƙwari da safaya ta kirki, ya haƙura da shi.

Ƙarkon shiri a nan yana da fuska biyu. Gandun zai riƙe ka kwana uku zuwa biyar ba maimaici, ba kuma ka buƙatar izinin shiga na musamman. Sai dai ruwa kaɗan yana yi masa ɓarna mai yawa. A Agustan 2022 da kuma Agustan 2023 ambaliya ta yanke hanyoyi, ta biyun ta sa aka rufe gandun gaba ɗaya kusan wata biyu.

Haɗarinsa zafi ne da kaɗaici. Yulin 2024 shi ne wata mafi zafi da aka taɓa aunawa a wurin, matsakaicin dare da rana digiri 42.5. A watan ne wani mai babur ya rasu saboda zafi, jiragen ceto masu saukar ungulu kuma ba su iya tashi ba, domin idan zafi ya haura digiri 49 iska takan yi musu sakayau. Shawarar hukumar gandun ita ce kada a yi tattaki a ƙasan kwari bayan ƙarfe 10 na safe a lokacin zafi, a sha aƙalla lita 4 na ruwa a yini, kuma idan mota ta lalace a zauna kusa da ita. Lokacinsa daga Nuwamba zuwa Maris ne.

Joshua Tree

Wannan shi ne mai sauƙin kai a cikinsu. Hamada biyu ce ta haɗu a nan: Mojave mai tudu a yamma, inda bishiyoyin da gandun ya ci sunansu suke, da Colorado mai gangare da zafi a gabas. An kare wurin a 1936 bayan fafutukar wata mata, Minerva Hoyt, wadda ta ga ana tumɓuke tsirran hamada ana kai su lambunan birni. Ya zama gandun ƙasa a 1994, rana ɗaya da Death Valley.

Abu biyu ake zuwa gani. Bishiyoyin, masu rassa a murɗe da ganye kamar takobi, suna girma a hankali ƙwarai, wani ƙaramin ƙwaro guda ne kuma ke yi musu barbara. Sai tarin manyan duwatsu masu santsi. Narkakken dutse ne ya huce a ƙarƙashin ƙasa, ya tsattsage, ruwa ya bi tsagin ya goge kusurwoyin, daga baya zaizaya ta kwashe ƙasar ta bar su a fili. Masu hawan dutse da igiya suna da hanyoyi kusan 8,000 a nan.

Turbobinsa gajeru ne, kusa da juna. Hidden Valley kilomita 1.6, yaro ma zai yi. Ryan Mountain kusan kilomita 5 da hawan mita 300, shi ne wanda zan ce kada a bari. Keys View da mota ake zuwa, daga nan ana hango kwarin Coachella da tsagin ƙasa na San Andreas, mai haddasa girgizar ƙasa a Kalifoniya. A lambun tsiron cholla a yi hankali, ƙayarsa tana maƙalewa a jiki da ɗan taɓawa kuma cire ta azaba ce.

Daga Los Angeles awa biyu zuwa uku ne, daga Palm Springs kusan awa guda. A cikin gandun babu otal, babu gidan mai, babu wurin cin abinci, ruwan sha ma sai a bakin ƙofofi. Amma garuruwan Joshua Tree da Yucca Valley da Twentynine Palms suna daf da shi, da masaukai iri-iri, wanda ya sa ya fi sauran sauƙin aljihu. Mai tanti zai sami sansanoni masu kyau a tsakanin duwatsu, Jumbo Rocks shi ne sananne, kuma sararin samaniyarsa da dare abin zuwa ne shi kaɗai.

Rauninsa shi ne kwana biyu sun ishe shi ga yawancin mutane, kuma a ƙarshen mako na Maris da Afrilu wurin ajiye mota yakan gagara, tunda baƙinsa sun kai miliyan 3 a shekara. Haɗarinsa ɓata ne. Duwatsun suna kama da juna, mutum ya kauce wa turba mita ɗari ya rasa inda ya fito. A lokacin zafi ƙudan zuma masu ƙishirwa suna bin duk abin da ke da danshi, har gumin jiki da ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya mota. Daga Oktoba zuwa Afrilu ne lokacinsa.

Arches

Ƙarami ne, murabba'in kilomita 310 kacal, amma yana ɗauke da bakunan dutse sama da 2,000, tarin da babu irinsa a duniya. A ƙarƙashinsa akwai kaurin gishiri da tsohon teku ya bari kimanin shekara miliyan 300 da suka wuce. Nauyin dutsen da ke sama ya sa gishirin motsi, jan dutsen yashi ya tsattsage ya zama dogayen bangaye sirara, ruwa da ƙanƙara kuma suka yi ta huda su. Aikin bai tsaya ba. A 1991 wani babban ɓangare ya ɓalle daga Landscape Arch, mai tsawon kusan mita 90, a Agustan 2008 kuma Wall Arch ya rushe gaba ɗaya cikin dare.

Ta fuskar abin da ido ke samu a kan kowane taku, shi ne gaba. Titi ɗaya ne na kwalta, kimanin kilomita 29, ya ratsa gandun, manyan abubuwan kallo na gefensa. Balanced Rock da sashen Windows tafiyar mintoci ce. Delicate Arch, wanda ke jikin lambar motocin Yuta, kilomita 4.8 ne zuwa da dawowa, da hawan mita 146 a kan falalen dutse babu inuwa ko kaɗan. Mutane suna raina shi saboda gajartarsa, kuma nan ne jami'an gandun suka saba ɗauko waɗanda zafi ya kayar. Mai ƙarfi zai ji daɗin cikakken zagayen Devils Garden, kusan kilomita 13, inda ake bin saman siraran bangayen dutse. Fiery Furnace kuwa ba a shigarsa sai da izini ko rakiyar jami'i.

Wani abu da baƙo ya kamata ya sani: baƙin ɓawon da ke saman ƙasa a gefen turba rayayye ne. Ƙananan halittu ne suka saƙa shi, shi ke riƙe ƙasa da danshi, kuma taku ɗaya na iya lalata abin da ya ɗauki shekaru masu yawa yana ginuwa. A taka turba ko dutse ko yashin kwari, kada a taka shi.

Garin Moab kilomita 8 ne daga ƙofa, da otal da kanti da komai, sai dai masaukinsa na da tsada a lokacin cunkoso. Wahalar ita ce isa Moab ɗin: kusan awa huɗu daga Salt Lake City, sama da awa shida daga Las Vegas. A 2022 aka fara tsarin yin rajistar lokacin shiga tun kafin ranar, kuma dokar tana canzawa daga shekara zuwa shekara, don haka a duba shafin gandun kafin a sayi tikitin jirgi. Shi kaɗai kwana ɗaya da rabi ne. Abin da ke ba shi ƙarko shi ne maƙwabcinsa Canyonlands, tuƙin minti 45, mai faɗi da ƙarancin jama'a. Idan aka haɗa su, kwana huɗu ba su yi yawa ba. Lokacinsa Afrilu da Mayu, sai tsakiyar Satumba zuwa Oktoba. A Yuli zafi na wuce digiri 38, a Janairu kuma ƙanƙara kan sa falalen dutsen santsi.

Zion

Zion hamada ce da kogi ya ratsa. Kogin Virgin ya yanka kwari mai zurfi a cikin jan dutse, ya bar bangaye masu tsayin ɗaruruwan mitoci, da bishiyoyi da inuwa a ƙasa. Shi ne gandun ƙasa na farko a Yuta, tun 1919. A sauran ukun kana kallon faɗi, a nan kana ƙasa kana ɗaga kai.

Ga mai son tattaki na gaske, nan ne wurin, kuma ban ga abin jayayya a ciki ba. Angels Landing kilomita 8.7 ne da hawan mita 453. Sashensa na ƙarshe, kusan mita 800, siririn gadon dutse ne da rami a dama da hagu, sarƙa kawai ake riƙewa. Mutane sun faɗo sun mutu a nan. Tun Afrilun 2022 sai da izini ake hawansa, ta hanyar ƙuri'a ake samu, ko watanni kafin tafiya ko kwana ɗaya kafin ranar. Wanda bai samu ba, ko mai jin jiri a sama, zai iya tsayawa a Scout Lookout ba tare da izini ba, kuma bai yi asara ba. The Narrows kuma tafiya ce a cikin kogin kansa, ruwa zuwa gwiwa, wani wuri zuwa ƙugu, tsakanin bangayen da suka matso har sama ta zama siririn zare. Ana hayar takalmi da sanda a garin Springdale. Ga tsofaffi da yara akwai Riverside Walk da Pa'rus, shimfiɗaɗɗu.

Ta wajen sauƙi, Zion ne kaɗai mutum zai iya morewa ba tare da tuƙi kullum ba. Tun shekarar 2000 bas na kyauta ke jigilar mutane a cikin kwarin, kuma daga wajen Maris zuwa Nuwamba motocin baƙi ba sa shiga babbar hanyar. Daga Las Vegas ƙasa da awa uku ne. Springdale na manne da ƙofa, ana shiga da ƙafa. Farashin wannan sauƙin shi ne jama'a. A 2021 baƙi sun haura miliyan 5, yawancinsu kuma kwari ɗaya suka nufa. Wanda bai hau bas na farko-farko ba zai sha layi. Masauki a Springdale yana da tsada, ga ƙarin dala 100 a kan baƙon da ba mazaunin Amurka ba, wanda ya sa shi ne mafi cin kuɗi a cikin huɗun.

Shirinsa ne kuma ya fi saurin wargajewa, domin manyan turbobinsa biyu ba a hannunka suke ba. Ɗaya na hannun ƙuri'a, ɗaya na hannun kogi. Ana rufe The Narrows idan ruwa ya yi ƙarfi, abin da ke faruwa sau da yawa a Afrilu da Mayu lokacin narkewar ƙanƙarar tsaunuka. Daga Yuli zuwa Satumba kuma lokacin ambaliyar bazata ne: ruwa ya sauka a wani wuri mai nisa, sama tana garau a inda kake, sai ga kogi ya taso da itatuwa da duwatsu a kwarin da ba wurin gudu. A Satumban 2015 mutum bakwai suka rasu a haka a Keyhole Canyon. Kullum ana liƙa hasashen ambaliya a cibiyar baƙi, kuma karanta shi wajibi ne. Ruwan kogin ma ba a sha ko da an tace, tun da aka gano wata gansakuka mai guba a cikinsa a 2020.

A taƙaice

| | Death Valley | Joshua Tree | Arches | Zion |
|---|---|---|---|---|
| Lokaci mafi kyau | Nuwamba zuwa Maris | Oktoba zuwa Afrilu | Afrilu, Mayu, Satumba, Oktoba | Mayu, Yuni, ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba |
| Kuɗin mota | dala 30 | dala 30 | dala 30 | dala 35, da ƙarin dala 100 kan wanda ba mazaunin Amurka ba |
| Babban filin jirgi | Las Vegas, awa 2 | Los Angeles, awa 2 zuwa 3 | Salt Lake City, awa 4 | Las Vegas, ƙasa da awa 3 |
| Kwanakin da ya dace | 3 zuwa 5 | 1 zuwa 2 | 2, ko 4 da Canyonlands | 2 zuwa 4 |
| Ƙarfinsa | kallo iri-iri | sauƙi, taurari | kallo a gajeren taku | tattaki mai tsanani |
| Abin da ke ɓata shiri | rufe hanya | cunkoson ƙarshen mako | dokar lokacin shiga | ƙuri'a, ruwan kogi |
| Babban haɗari | zafi, nisa da taimako | ɓata | zafi a falalen dutse | ambaliya, faɗowa |

Wa ya dace da wanne

Idan hutunka ya faɗo tsakanin Disamba da Fabrairu, ka nufi Death Valley, ka ƙara Joshua Tree idan kwanakin sun kai bakwai. Tsakaninsu tuƙin awa huɗu zuwa biyar ne, kuma kuɗin ƙofofin biyu dala 60 ne. Wannan ita ce tafiyar da zan ba wanda bai taɓa ganin hamadar Amurka ba. Ka tafi da rigar sanyi, domin dare a Joshua Tree yana kaiwa ga daskarewa.

Idan Oktoba ne, kuma ƙafarka ta saba da hawa, Zion da Arches. Ka ba su kwana takwas ko fiye, ka sayi katin shekara, ka shiga ƙuri'ar Angels Landing da wuri, ka kuma tanadi wata turbar da za ka bi idan ba ta fito ba. Bryce Canyon da Capitol Reef suna kan hanyar da ta haɗa su, katin kuma ya biya maka su.

Mai tafiya da ƙananan yara ko dattawa zai fi samun kwanciyar hankali a Joshua Tree ko Arches, inda abin kallo ke kusa da mota kuma gari ke kusa da ƙofa. Wanda ba ya son tuƙi a ƙasar da bai sani ba, Zion kaɗai ya rage masa, sai ya shirya wa kuɗinsa. Mai ƙaramin guzuri ya kama Joshua Tree da tanti. Mai ɗaukar hoto zai raba zuciyarsa tsakanin Death Valley da Arches, ni kuwa zan tura shi Death Valley, domin a can zai sami fili ba kowa a gabansa.

Mai gudun jama'a gaba ɗaya ya duba wajen waɗannan huɗun. Big Bend a Teksas, a bakin kogin Rio Grande da ya raba Amurka da Meziko, yana da hamada da tsaunukan Chisos da kwazazzabon Santa Elena mai bango mita 450, baƙinsa kuma kusan rabin miliyan ne a shekara. Sai dai filin jirgi mafi kusa, na Midland, tuƙin kusan awa huɗu ne.

Saura wanda ba shi da wani lokaci sai Yuli ko Agusta. Gaskiyar da zan faɗa masa ita ce babu ɗaya daga cikin huɗun da ya dace da tattaki a waɗannan watanni. Idan dole ne, ya zaɓi Zion, ya fita da asuba, ya dawo kafin ƙarfe 11, ya duba hasashen ambaliya kowace safiya, sannan ya kwashe sauran kwanakinsa a Bryce Canyon, wanda ke sama da mita 2,400 kuma awa biyu ne kacal daga can. Death Valley a wannan lokaci daga cikin mota ake kallonsa, da tanki cike da mai da jarkar ruwa a baya, kuma wani a gida ya san hanyar da ka bi da lokacin da za ka kira shi.